Babi na Bakwai: Daga Daura Zuwa Afaka

Ranar 18 ga Oktoba, 1961, wani ɗalibin ajin ƙarshe a Sakandaren Lardi ta Katsina ya cika takardar neman shiga aikin soja a matsayin hafsa. Shugaban makarantar ya sa hannu, ya haɗa da rahoton cewa yaron ya dace. Ɗan Daura ne, maraya, wanda ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa kafin ya wuce Midil ta Katsina a 1953. A 1962 ya shiga Kwalejin Horon Soja ta Kaduna, daga can aka tura shi makarantar Mons da ke Aldershot a Ingila, kuma a watan Janairun 1963 aka maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa yana ɗan shekara 20. Sauran labarin Muhammadu Buhari ba sai an faɗa wa mutumin Daura ba, har zuwa ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka yi masa sutura a gidansa.

Duk yaron ƙasar Daura da ke mafarkin kaki da wannan labarin yake kwana. Ba laifi ba ne, sai dai labarin yana ruɗarsa ta fuska biyu. Yana sa shi ya ɗauka ƙofar tana nan a buɗe kamar yadda take a 1961, yana kuma sa shi ya ɗauka tunda garinsu ya fitar da janar kuma shugaban ƙasa, magana ta koma ta sanayya kawai.

A ɗauki ta farkon. Rundunar sojan Nijeriya da Hausawa aka kafa tushenta, tun ƴan tsirarun mutanen da John Glover ya tara a Legas a 1863. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, da ita samanja ke yi wa kurata tsawa ko da kuwa daga ƙasar Tibi ko Zuru suka fito. Amma hafsoshin Turawa ne. Da aka fara bai wa ƴan ƙasa muƙamin hafsa a ƙarshen shekarun 1940, sai ya zamana sharaɗin shi ne boko da Turanci, fannin da Kudu ta yi wa Arewa fintinkau. Ƴan Arewan da suka shiga da wuri ana iya ƙirga su da yatsu: Zakariya Maimalari, Kur Muhammad, Abogo Largema, Yakubu Gowon, sai Hassan Usman Katsina da ya fito daga Sandhurst a 1958. A lokacin iyaye ba sa son abin. Soja a idonsu aikin wanda ya gagari gida ne, ɗan bariki, wanda ba a sa ran ya dawo da tarbiyyar da ya tafi da ita. Shi ya sa da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya saki ɗansa na cikinsa, Hassan, ya sa kaki, saƙon ya isa ko'ina a lardin, har Daura. Sardauna da Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu suka ga inda aka dosa, a 1961 aka tsayar da kaso: rabin guraben ɗaliban hafsa na Arewa ne, Gabas da Yamma su raba ragowar. Ministoci da matasan hafsoshi suka riƙa bin makarantun sakandare suna lallashin yara. Gwamnati ce ke neman ɗalibi a wancan zamani, har da roƙo.

Yau abin ya juya. Kwalejin da Buhari ya shiga ita ce ta zama Makarantar Horar da Hafsoshi ta Nijeriya, NDA, a watan Fabrairun 1964, kuma tun 1985 take ba da digiri. Mazauninta na dindindin yana Afaka, a gefen Kaduna. Karatu kyauta ne, ci da sha da sutura na gwamnati ne, ana ba ɗalibi alawus, ranar da ya gama kuma aikinsa na jiransa. A ƙasar da mai digiri ke tuƙa A-daidaita-sahu, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Dubun-dubatar yara ke nema kowace shekara, ƴan ɗaruruwa ake ɗauka.

Ta biyun, wato zancen sanayya, ta fi cin rai, don ita ce ke kashe wa yara gwiwa tun kafin su fara. Zauna a kowace majalisa a Daura ka ta da zancen NDA, kafin a sha shayi zagaye ɗaya wani zai ce, ai sai mai uwa a gindin murhu. Ba zan ce ƙarya yake yi ɗungurungum ba. Ƙasar nan ce, kuma duk inda gurbi ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, manya na ɗaga waya. Amma a duba yadda rabon yake. Sashe na 217 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole hafsoshi da ƙananan sojoji su fito daga kowane sashe na tarayya, don haka jiha-jiha ake fitar da sunaye, kowace da nata kason da ƴan jiran ko-ta-kwana. Wato ɗan Sandamu ba da ɗan Legas ko ɗan Anambra yake takara ba. Abokan karawarsa su ne ɗan Funtuwa, da ɗan Malumfashi, da ɗan Dutsin-ma, da yaron da asalinsa Katsina ne amma a Abuja ko Kaduna ya tashi, ya yi makarantar kuɗi, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Jihar Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta, biyar ne kacal a masarautar Daura: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure. Kuma ko wayar babban mutum tana aiki, a matakin ƙarshe take aiki, tsakanin waɗanda suka riga suka tsallake komai. Yawancin yaranmu ba sa kaiwa inda za a yi musu wayar. Tun a takarda ake zubar da su.

Maganar takarda tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne ɓarnar ta fi yawa kuma a nan ne gyara ya fi araha. Je ka shagon intanet lokacin da aka buɗe cike fom. Yaro ya zo da leda, ya zazzage takardunsa a kan tebur. Shaidar firamare ta ce sunansa Abdullahi Musa. Sakamakon NECO ya ce Abdullahi Musa Zango. Lambar ɗan ƙasa ta NIN ta ce Audu Musa, don ranar da aka je rajista sunan da ake kiransa da shi a gida ya faɗa. Takardar haihuwa babu, a gida aka haife shi, sai takardar rantsuwar kotu da aka yanko makon jiya, wadda ta ce ranar 1 ga Janairu aka haife shi, kamar rabin yaran unguwarsu. Mai shago ya duba, ya ce, "Malam, wanne za mu sa?" Yaron ya ce, "Sa kowanne, ai duk ni ne." A Daura duk shi ne, kowa ya san shi, ya san ubansa da kakansa. A gaban hafsan da ke tantance takardu a Kaduna kuwa mutum uku ne, kuma bai da lokacin jin bayani.

Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne, kowace shekara ana buga su, kuma wajibi ne a karanta sanarwar shekarar da ake ciki don akan taɓa wasu abubuwan. A mafi yawan shekaru ana son mai shekara 17 zuwa 21, wanda bai yi aure ba kuma ba shi da ɗa, mai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba. Ana son shaidar asalin jiha da ƙaramar hukuma, da takardar amincewar iyaye, da shaidar halin kirki daga mutanen da hukuma ta yarda da sa hannunsu. Iyakar shekarun nan ita ce ke jefa mutane cikin ragin shekaru. Yaron da ya fara da makarantar allo, ya shiga firamare yana ɗan shekara tara, ya maimaita NECO sau biyu, kafin ya ankara ya kai 22. Sai a garzaya kotu a rage uku. Amma shaidar firamarensa tana nan, kuma in ta saɓa da takardar kotun, asirinsa ya tonu.

Ga mutanen bakin iyaka akwai ƙarin wani abu. Daga Kwangwalam zuwa ƙauyukan Zango da Baure, gida ɗaya ne iyaka ta raba. Kawu na Matamaye, goggo na Magarya, ana zuwa suna da biki ba tare da an tuna an ƙetare ƙasa ba. Wannan ba aibu ba ne, amma soja ba ya wasa da zancen ɗan ƙasa. Yaron da aka haifa a gidan kakanninsa a tsallake saboda uwarsa ta je wankan gida, ya kamata tun yana ƙarami a daidaita takardunsa ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, yadda babu inda za a ga saɓani.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna watan Janairun 2015. Shekara 53 bayan waccan takarda ta 1961, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, sai da aka buɗe fayil ɗin Buhari na soja ana tambayar ina shaidar kammala sakandarensa, har tsohuwar makarantarsa ta Katsina ta fito da sakamakon jarrabawarsa. Janar ne, ya taɓa mulkin ƙasar, takarda ba ta ƙyale shi ba.

Bayan takarda sai karatu. A ƴan shekarun nan mai neman NDA dole ya rubuta jarrabawar JAMB, ya kuma sa NDA a zaɓinsa na farko. Darasi huɗu ne, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Mafi ƙarancin makin da NDA ta saba karɓa 180 ne, na injiniyanci ya ɗara haka, amma wanda ya tsaya a 180 ya sani a bakin ƙofa yake tsaye. Wanda ya haye sai a kira shi jarrabawar tantancewa ta makarantar kanta, inda Turanci da Lissafi ke sake jiransa, tare da tambayoyin al'amuran yau da kullum da darussan fannin da ya zaɓa.

A nan ne gaskiya ke ɗaci. Kiredit ɗin da aka samo a cibiyar da malami ke rubuta amsa a allo yana shigar da yaro layi, amma ba ya zauna masa a gaban kwamfuta. Na ga yaro mai kiredit takwas, har da A a Lissafi, wanda aka ce ya fitar da kashi 15 cikin ɗari na 240 ya yi ta kallon silin. Ba daƙiƙi ba ne. A kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi shi ke yi wa ubansa lissafin la'adar shanu da canjin sefa da ka, ba ya kuskure. Abin da ya rasa shi ne wanda zai haɗa masa lissafin kasuwa da na takarda tun yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma lesin na wata biyu kafin JAMB ba ya cike ramin shekara shida.

Turanci ya fi Lissafi wuyar gyara, don ba haddarsa ake yi ba. Yaron Daura na iya wuni, ya kwana, ya yi mako bai furta jimlar Turanci ɗaya ba, har a cikin aji, inda malamin kansa ke karanta littafi da Turanci ya yi bayani da Hausa. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta umarci hafsoshi da sojojinta su koyi Hausa da Yarabanci da Ibo, wato harshen da ɗan Daura ya tsotsa a nono abu ne da wasu ke wahalar koya a bariki. Sai dai wannan ribar a ciki take, ba ta buɗe ƙofar shiga. Abin da na ga yana aiki ba shi da tsada: karanta jarida da babbar murya kullum, shafi ɗaya, a gaban wanda zai gyara, sauraron labaran Turanci a rediyo bayan an ji na Hausa, don a riga an san zancen, kalmomin kawai ake kama, da rubuta rabin shafi kowace rana a kan abin da ya faru a unguwa. Masu shiri na gaske suna haɗa kansu uku ko huɗu, su sa wa juna doka cewa daga la'asar zuwa magariba ba Hausa. Ƴan unguwa za su yi musu dariya, su ce ga Turawan Kusugu nan. Su jure.

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna da amfani, amma ba don a haddace amsoshinsu ba. Amfaninsu shi ne a zauna da agogo. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in kowace tambaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa zai ɓatar da minti goma na farko yana kokawa da na'ura. Yanzu da Daura ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, ga shagunan intanet, ga waya a hannun kowa, babu uzurin da zai sa yaro ya fara ganin allon jarrabawa a ranar da ake yin ta. Tambayoyin yau da kullum kuwa ba sa wuce abin da mai bin labarai ya sani: sunayen shugabannin rundunoni, jihohi da manyan biranensu, ƙasashen da ke kewaye da mu, ƙungiyar ECOWAS da rikicinta da Nijar da Mali da Burkina Faso, manyan ranakun tarihin ƙasa. Ɗan bakin iyaka ya fi kowa sanin abin da rufe iyaka a 2023 ya jawo, in dai zai iya faɗinsa da Turanci.

Wanda ya tsallake wannan shi ake gayyata Kaduna, gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, rukuni-rukuni bisa jihohi. Hanyar da zai bi ma darasi ce: Kazaure, Kano, sai Zariya inda Daffo take, wadda ke horar da kurata tun 1924, da makarantar soja ta yara da aka kafa a 1954, sai Jaji, sai Kaduna. A can za a ba shi lamba ya rataya a ƙirji, sunansa ya ɓace na kwanaki. Za a sake bin takardunsa ɗaya bayan ɗaya, na asali ba kwafi ba. Za a auna tsayinsa, namiji kada ya gaza mita 1.68, mace ƙasa da haka kaɗan, don tun 2011 NDA ke ɗaukar mata a kwas ɗinta na dindindin. Sai likitoci.

Gwajin likita shi ne wanda ya fi sa yara kuka, don ba ƙoƙari ake nema a wurin ba. Gwame, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, tsohuwar karaya, ƙaba, raunin gani, kasa bambance launi, i'ina, hawan jini, ciwon hanta da mutum bai ma san yana ɗauke da shi ba. Wasu cikin waɗannan ana iya magance su in an gano da wuri, wasu kuwa ba a iyawa, kuma gara yaro ya sani yana aji biyar, ya juya akalar burinsa, da ya sani bayan an sayar da tunkiya an yi masa kuɗin mota. Tun watan Agustan 2019 akwai asibitin sojan sama a Daura, ga babban asibitin gwamnati. Gwajin jini da na ido da duba ƙashi ba sai an je Kano ba. Akwai kuma gwajin ƙwaya. Wanda ya saba da tiramol ko maganin tari mai kodin, ko da da sunan ƙarin ƙarfin noma ne ko gudu, fitsarinsa zai tona shi.

Gudu ne abin da yaranmu suka fi shiryawa, kuma shi ne abin da ya fi ƙarancin kayar da su. Da asuba, bayan an idar da salla, za ka gan su a kan titin Mai'aduwa ko na Katsina, wani da takalmin ƙwallo, wani da silifas, suna haki a cikin hazo. Yaron da ya tashi yana huɗa da noma da tura kurar ruwa ba kilomita uku da ɗoriya ne za su gagare shi ba. Akwai wani tsohon soja da na sani, mai igiya uku ya yi ritaya, da yakan zauna a bakin hanya yana kallonsu. Wata rana ya tsayar da ɗaya, ya ce, "Yaro, wane aiki kake nema?" Yaron ya ce, "NDA, Baba." Ya ce, "To ɗana, in gudu ne, Daffo ma ana yi, ni na yi shi shekara talatin. Hafsa da biro yake fara yaƙi. Jiya shafi nawa ka karanta?" Yaron ya yi ta sosa ƙeya.

A ƙarshe akwai ganawa da manyan hafsoshi. Tarbiyyarmu a nan tana iya zame wa yaro cikas, kuma abin tausayi ne, don tarbiyya ce mai kyau. An koya masa in yana gaban babba ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya rage murya, kada ya haɗa ido. Kwamitin kuwa yana neman wanda nan da ƴan shekaru zai tsaya gaban mutum talatin masu bindiga, wasunsu sun haife shi, ya ba da umarni a bi. Suna so ya tsaya ƙyam, ya dubi mai tambaya, ya amsa da muryar da za a ji, in bai sani ba ya ce bai sani ba. Wannan ma koyonsa ake yi, a muhawarar makaranta, a shugabancin aji, a tsayawa gaban jama'a ranar saukar karatu. Ladabi bai hana ba, wurinsa ne daban.

Kuma za su tambaye shi me ya sa yake son aikin. Gara ya yi wa kansa wannan tambayar tun a gida, shi da mahaifiyarsa, kafin a sa hannu a takardar amincewa. Yaron da ya ga sojojin Bataliya ta 171 suna wucewa a mota cikin gari, kaki a goge, ya ga gefe ɗaya ne kawai. Ƙananan hafsoshi su ake turawa Sambisa da bakin Tafkin Cadi, da dazukan Batsari da Jibiya da Safana da Faskari a nan cikin jiharmu. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda sunansa ya zaga ƙasa saboda jarumta, a Malam Fatori aka kashe shi a watan Nuwamban 2016. Afaka kanta ba ta tsira ba: ranar 24 ga Agusta, 2021, ƴan bindiga suka shiga NDA da dare, suka kashe hafsa biyu, suka tafi da ɗaya. Wanda albashi kawai ya hango, akwai Kwastan da Shige-da-fice, kuma mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin haka.

Sai ƴan damfara, waɗanda ke fitowa kowace shekara da zarar an buɗe fom. Wani zai kira uba a waya, ya ce shi kanar ne a hedikwata, akwai gurbin da aka ware wa Daura, a turo kaza kafin Juma'a. Sunan garin ne jarinsu, don sun san mutane sun riga sun yarda akwai irin wannan gurbi. Kuɗin fom a sanarwa yake, ta banki ake biya, kuma sunayen waɗanda aka ɗauka a fili ake bugawa. Ban taɓa jin wanda ya tura kuɗi asusun wani mutum ya ga ɗansa a Afaka ba.

Wanda shekaru suka wuce masa bai rasa duka ba. Mai digiri ko babbar difloma na iya shiga ta gajeren kwas na hafsoshin fagen daga, ko ta kwas ɗin ƙwararru da ake ɗaukar likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malamai da limamai, horon watanni maimakon shekaru. Wanda ya shiga ta Daffo ma, in yana da takardu da haƙuri da shaidar kirki daga manyansa, akwai hanyar da ƙaramin soja ke bi ya zama hafsa. Sai dai kowace cikinsu da irin tata tantancewar, kuma Turancin nan da takardun nan suna can suna jira.

Shi kuwa wanda ya samu shiga, ya sha gwale-gwale da tsallen kwaɗo, ya yi shekara huɗu na digiri da horon soja zalla a kai, aka yi faretin yaye shi, dangi suka cika mota daga Daura suka je suka ɗauki hoto, kada ya ɗauka ya rabu da jarrabawa. Kafin laftanar ya zama kyaftin sai ya ci jarrabawar ƙarin girma, ta aiki a fili: karatun taswira, dabarun yaƙi, sadarwa, kula da sojoji a daji. Kafin kyaftin ya zama manjo akwai wata. Sannan ga wadda hafsoshi suka fi tsoro, ta neman shiga babban kwas na Kwalejin Hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976. Rundunar horo da ke Minna ce ke shirya ta, kuma rubutu ne zalla, a kan tarihin yaƙe-yaƙe, dokar soja, siyasar duniya da tsarin gudanarwa. Buhari kansa bayan yaƙin basasa ya koma aji a Wellington ta Indiya a 1973, ya sake komawa a Kwalejin Yaƙi ta Sojan Amurka daga 1979 zuwa 1980, yana kanar, da iyali.

Waɗannan jarrabawoyin ba a maimaita su yadda ake maimaita NECO. Sau uku ake ba hafsa dama. Manjon da ke bakin daga a Borno zai karɓi ɗan hutu, ya zo ya zauna da littattafai da tsofaffin tambayoyi, ya shiga zaure ɗaya da abokan kwas ɗinsa da suka yi shekarar a ofis a Abuja, kuma ma'auni ɗaya za a yi musu. In ya faɗi a karo na ukun, ƙarin girma ya tsaya, abin da ke biyo baya ritaya ce, yana da shekara arba'in ko ƙasa da haka, yara suna firamare.